Ƙananan Matsaran Ƙofa a Jikin Ɗan Adam: Maikiro-RNA da Sankarar Furostet

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirin faɗakarwa kan kiwon lafiya na wannan mako yana miƙa gaisuwa ga masu sauraro na cikin Birnin Zariya da kewayensa, tun daga Kwarbai da Babban Dodo da Unguwar Juma har zuwa Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru. Batun da shirin zai tattauna shi ne sankarar furostet, wato ciwon dajin da ya fi kowanne kama maza a Najeriya, tare da wasu ƙananan sinadarai na cikin jiki da ake kira maikiro-RNA, waɗanda masana ke kyautata zaton za su taimaka wajen gane wannan cuta da kuma sanin irin halin da za ta nuna.

Ya kamata a fara da gyara wani ruɗani na suna, domin a kafafen yaɗa labarai na Hausa an saba kiran wannan cuta sankarar mafitsara, alhali mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa a cikinta, kuma tana da nata ciwon dajin daban. Furostet wani ƙullutun nama ne da maza kaɗai ke da shi, wanda girmansa a jikin matashi bai wuce na goro madaidaici ba, nauyinsa kuma kimanin giram 20 ne. Yana zaune a ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar fitsari kamar yadda zobe ke kewaye yatsa, aikinsa kuma shi ne samar da wani kaso na ruwan maniyyi. Wannan mazauni nasa shi ya sa duk abin da ya ƙara masa girma yake matse hanyar fitsari, har mutum ya riƙa tashi sau da yawa cikin dare, ko ya ga fitsarin yana fita da rauni, ko ya riƙa fama da ɗigon da ke hana shi natsuwa da alwalarsa. Mafi yawan irin wannan kumburi a jikin dattawa na tsufa ne kawai, ba daji ba ne, amma alamomin biyun suna kama da juna, kuma abin da ya fi tayar da hankali shi ne sankarar furostet takan daɗe tana girma ba tare da ta nuna wata alama ba.

Ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta nuna cewa a shekarar 2022 an samu sababbin masu wannan cuta kusan miliyan ɗaya da rabi a faɗin duniya, waɗanda suka rasu sanadiyyarta kuma sun kusa 400,000. A Najeriya, ƙiyasin cibiyar na shekarar 2020 ya haura mutum 15,000 da suka kamu a cikin shekara guda. An kuma tabbatar da cewa maza masu asalin Afirka sun fi sauran jinsuna haɗarin kamuwa da ita, ta yadda a Amurka baƙar fata ya ninka farar fata kusan sau biyu wajen yiwuwar mutuwa da wannan ciwo. Likitocin fitsari a manyan asibitocin Najeriya, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sun daɗe suna kokawa da cewa yawancin majinyata ba sa zuwa sai cutar ta yi nisa, lokacin da fitsari ya tsaya cak ana neman robar da za ta fitar da shi, ko ciwon baya ya hana barci saboda dajin ya shiga ƙashi, ko ƙafafu sun fara mutuwa saboda ya danne laka.

Kafin a fahimci inda maikiro-RNA ya shigo cikin wannan al'amari, wajibi ne a san yadda ƙwayar jiki ke tafiyar da mulkinta. Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kuma a tsakiyar kowace ƙwaya akwai wani dogon zare mai suna DNA, wanda ke ɗauke da umarnin halitta da aka gada daga uwa da uba, a rubuce da haruffan sinadari iri huɗu. Kowane yanki na wannan zare da ke ɗauke da umarni guda shi ake kira ƙwayar gado, kuma ɗan Adam yana da kimanin 20,000 daga cikinsu waɗanda ke bayar da umarnin ƙera furotin, wato sinadaran da ke gina jiki suke kuma gudanar da ayyukansa. Shi DNA ba ya barin tsakiyar ƙwaya, kamar yadda sarki ba ya barin fada don ya kai saƙo da kansa, don haka sai a kwafi umarnin a kan wani gajeren zare mai suna RNA ɗan aike, shi kuma ya fita ya kai wa maƙeran furotin.

Mutanen Zazzau sun san cewa a zamanin da ganuwa ke tsaye da ƙarfinta, babu mai shiga ko fita sai ta ƙofa, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da Ƙofar Kuyambana, kuma kowace ƙofa tana da mai tsaronta wanda ya san wanda zai bari ya wuce da wanda zai tsare. Aikin maikiro-RNA a cikin ƙwaya ya yi kama da na waɗannan matsara. Shi ma zaren RNA ne, amma gajere ƙwarai, domin tsawonsa bai wuce haruffa 22 ko kusa da haka ba, kuma ba ya ɗauke da umarnin ƙera komai. Bayan wasu sinadarai biyu masu aikin almakashi, Drosha da Dicer, sun yanko shi daga wani zare mafi tsawo, sai ya hau kan wani furotin mai suna Argonaute, su riƙa duba 'yan aiken da ke wucewa. Duk ɗan aiken da haruffansa suka dace da na matsarin, sai a riƙe shi, ko dai a hana maƙera karanta saƙonsa ko a wargaza shi gaba ɗaya, ta haka yawan furotin ɗin da ya kamata a ƙera ya ragu. An gano irin waɗannan matsara fiye da 1,000 a jikin ɗan Adam, guda ɗaya daga cikinsu na iya tsare 'yan aike ɗaruruwa, kuma ana ƙiyasin fiye da rabin ƙwayoyin gadon da ke ƙera furotin suna ƙarƙashin kulawarsu.

Tarihin gano su ya gaskata karin maganar da ke cewa allura kan tono garma. A shekarar 1993, Victor Ambros da abokan aikinsa Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum suna nazarin wata 'yar tsutsar ƙasa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, sai suka tarar cewa wata ƙwayar gado mai suna lin-4, wadda ke tsara lokutan girman tsutsar, ba ta ƙera furotin, ɗan gajeren RNA kawai take fitarwa. A daidai wannan lokaci Gary Ruvkun ya nuna yadda wannan ɗan zare ke manne wa saƙon wata ƙwayar gado mai suna lin-14 ya hana shi aiki. Shekaru bakwai masana da yawa suna ɗaukar abin a matsayin wata baƙuwar ɗabi'a ta tsutsa, har zuwa shekarar 2000 da ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu mai suna let-7, aka kuma same shi a jikin ƙuda da kifi da ɗan Adam. A shekarar 2002, George Calin da Carlo Croce suka nuna cewa biyu daga cikin waɗannan matsara, miR-15 da miR-16, sukan ɓace a wani nau'in dajin jini, wanda shi ne karo na farko da aka danganta maikiro-RNA da sankara. A watan Oktoba na 2024 aka sanar da ba Ambros da Ruvkun lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci saboda wannan aiki.

(Gajeren kiɗa)

Ga wanda bai samu farkon shirin ba, ana bayani ne kan sankarar furostet da ƙananan zaren maikiro-RNA masu tsaron saƙonni a cikin ƙwayoyin jiki.

Ciwon daji yana farawa ne idan ƙwaya ta daina bin dokar da ke iyakance hayayyafarta, kuma tsaron ƙofa na iya lalacewa ta hanya biyu masu kishiyantar juna. Hanya ta farko ita ce matsarin kirki ya ɓace, sai saƙonnin da ke ingiza ƙwaya ta yi ta rabuwa su riƙa wucewa ba mai tare su. A shekarar 2008, wani ayarin masana a Italiya ya nuna cewa miR-15a da miR-16-1 suna raguwa a dajin furostet, abin da ke bai wa furotin mai suna BCL2, wanda ke hana lalatacciyar ƙwaya mutuwa, damar yawaita. A wannan shekarar dai masana na Jami'ar Mishigan a Amurka suka gano cewa ɓacewar miR-101 na sa wani furotin mai suna EZH2 ya yi yawa, shi kuwa an san shi da yawaita a dajin da ya bazu cikin jiki. Sai kuma miR-34a, wanda furotin p53 mai gadin lafiyar DNA ke tayarwa, wanda aka nuna a 2011 cewa yana danne wani furotin na fatar ƙwaya mai suna CD44, kuma da aka mayar da shi cikin ƙwayoyin dajin furostet da aka dasa wa ɓeraye, bazuwar cutar ta ragu. Haka nan miR-143 da miR-145 suna cikin waɗanda bincike daban-daban ya yi ta samun sun ragu a naman da ya kamu.

Hanya ta biyu ita ce wasu matsaran su yi yawa fiye da ƙima, su koma tsare 'yan aiken da ke ɗauke da umarnin tsawatarwa. Wanda ya fi shahara a wannan rukuni shi ne miR-21, wanda ke rage furotin irin su PTEN da PDCD4, waɗanda aikinsu taka wa ƙwaya birki ne. Abin da ya ƙara masa muhimmanci a wannan cuta shi ne alaƙarsa da sinadarin mazakuta. Tun a shekarar 1941 Charles Huggins na Jami'ar Shikago ya nuna cewa dajin furostet yana rayuwa ne da sinadarin testosteron da 'ya'yan maraina ke samarwa, kuma idan aka yanke masa wannan abinci yakan ja da baya, binciken da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1966. Har gobe a kan wannan ginshiƙi ake jinyar waɗanda cutarsu ta bazu, ko dai ta hanyar allurar da ke dakatar da sinadarin ko ta hanyar tiyatar cire 'ya'yan maraina. Matsalar ita ce bayan wani lokaci dajin yakan koyi girma ko da sinadarin ya yi ƙaranci, kuma bincike na 2009 ya nuna cewa furotin da ke karɓar saƙon testosteron a cikin ƙwaya shi da kansa yake ƙara yawan miR-21, yawaitar miR-21 ɗin kuma tana taimaka wa ƙwayoyin daji su jure wa rashin sinadarin. Ana kuma nazarin miR-221 da miR-222, masu danne wani birki mai suna p27, a kan wannan turjiya.

Amfanin da ya fi kusa da majinyaci shi ne na gwaji. Abin da likita ke dogaro da shi a yanzu shi ne gwajin jini na PSA, wani furotin da furostet ke fitarwa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1986 don bibiyar masu cutar, sannan a 1994 don taimakawa wajen gano ta, haɗe da taɓa ƙullutun da yatsa ta dubura. An saba ɗaukar awon da ya haura 4 a matsayin abin dubawa, sai dai PSA yana tashi saboda kumburin tsufa, da kamuwa da ƙwayoyin cuta, da sanya robar fitsari, sannan akwai masu daji da awonsu bai kai 4 ba. Idan zargi ya yi ƙarfi, sai a tsakuro ɗan nama da allura a duba shi da madubi, a ba shi maki bisa ma'aunin da Donald Gleason ya tsara a 1966. Duk da haka akwai tambayar da ta fi damun likita da majinyaci, wato ko wannan daji mai tafiyar hawainiya ne da mutum zai iya tsufa da shi ba tare da ya cutar da shi ba, ko kuwa mai gaggawa ne da zai kai ƙashi cikin 'yan shekaru. Amsar tana da nauyi, domin tiyata da gashi da na'ura na iya barin mutum da yoyon fitsari ko raunin mazakuta, jinkiri kuma a wurin mai mugun iri asarar rai ne.

A nan ne masana suka sa rai ga maikiro-RNA. A shekarar 2008, ayarin Muneesh Tewari a cibiyar Fred Hutchinson da ke Siyatil ya nuna cewa waɗannan ƙananan zare suna yawo a cikin jini ba tare da sun lalace ba, domin suna tafiya ne a naɗe cikin 'yan ƙananan jakunkuna na kitse ko a manne da furotin, har sukan jure ajiya ta sa'o'i a zafin ɗaki da daskarewa da narkewa. Da suka gwada jinin mutum 25 masu dajin furostet da ya bazu da na mutum 25 masu lafiya, sun sami miR-141 ya fi yawa ƙwarai a jinin majinyatan, daga baya kuma wasu masu bincike suka ƙara da miR-375 a matsayin alamar cutar da ta yi nisa. Ana iya auna su a jini ko a fitsari da na'urar PCR, irin wadda ɗakunan gwaji da dama a Najeriya suka samu a lokacin annobar korona ta 2020, kuma wannan juriya tasu ga zafi abin sha'awa ce ga ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗa wa masu sauraro cewa har yanzu gwajin maikiro-RNA bai zama abin da ake yi wa majinyata yau da kullum ba, kuma bai maye gurbin PSA ko duban nama ba. Yawancin binciken an yi shi ne a kan mutane ƙalilan, sakamakon wani ɗakin gwaji yakan saɓa wa na wani, kuma hanyar ɗibar jini da ajiye shi kaɗai na iya sauya awon. Ta fuskar magani ma an gamu da cikas, domin wani magani mai suna MRX34, wanda aka ƙera don mayar da miR-34a cikin jiki, an fara gwada shi a kan masu daji iri-iri a 2013, amma aka dakatar a 2016 bayan garkuwar jikin wasu ta yi mummunan bore har mutum huɗu suka rasu. Dalilin wahalar a fili yake, tun da matsari guda yana kula da 'yan aike ɗaruruwa, taɓa shi yana taɓa abubuwan da ba a yi niyya ba. Saboda haka duk wanda ya zo da kwalba ko lasifika a kasuwa yana iƙirarin yana da maganin da ke gyara ƙwayoyin gado, to kuɗin mutane yake nema, kuma lokacin da za a ɓata a wurinsa shi ne lokacin da cutar ke buƙata don ta bazu.

Akwai kuma giɓin da ya shafi Zariya kai tsaye. Mafi yawan jinin da aka yi waɗannan nazarce-nazarce da shi na Turawa ne da mutanen Asiya, alhali maza 'yan asalin Afirka su ne cutar ta fi yi wa illa, kuma tun a 2006 aka gano wani yanki na DNA da ake kira 8q24 wanda ke da hannu a ƙarin haɗarin da suke ciki. Bayan haka, jajayen ƙwayoyin jini cike suke da wasu maikiro-RNA irin su miR-451 da miR-16, waɗanda ke zuba cikin ruwan jini idan ƙwayoyin suka fashe, su gurɓata awo. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da cutar sikila suke fasa jajayen ƙwayoyi, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma yana nufin ma'aunin da aka tsara a Turai ba lallai ya dace da dattijon Limancin Kona ba sai an gwada an gani. Zariya tana da abin da wannan aiki ke buƙata, domin ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 da masananta na kimiyyar sinadaran jiki, ga kuma asibitin Shika da likitocin fitsari da masu duban nama da sashen jinyar ciwon daji. Abin da ya rage shi ne hukumomi su zuba kuɗi a bincike da ajiyar samfuri, jama'a kuma su fahimci cewa idan aka nemi izininsu a bayyane, aka yi musu cikakken bayani, bayar da ɗan jini don bincike taimako ne ga 'ya'ya da jikoki.

Kafin wannan ilimi ya nuna, abin da ke hannu ya isa ya ceci rayuka da yawa idan an yi amfani da shi a kan kari. Ƙungiyoyin likitoci suna shawartar namiji ɗan asalin Afirka da ya tattauna gwajin PSA da likita tun yana shekara 45, wanda kuwa cutar ta kama mutum fiye da ɗaya cikin mahaifinsa da 'yan'uwansa na jini ya fara tun yana 40. Duk wanda ya ga sauyi a fitsarinsa, ko jini a cikinsa, ko ciwon baya da ya ƙi jin magani, bai kamata ya yanke wa kansa hukuncin cewa sanyi ne ko basir ko tsargiyar ƙuruciya ce ta dawo ba, ya je asibiti mafi kusa, kamar Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, inda za a duba shi a tura shi gaba idan da buƙata. Kunyar gwajin yatsa ta minti ɗaya ce, kuma neman magani abu ne da addini ya kwaɗaitar a kansa. Matan gida da manyan 'ya'ya, waɗanda su ne kan fara lura da yawan fitar maigida cikin dare, suna da hakkin yi masa magana cikin ladabi, haka ma limamai da masu unguwanni da dattawan majalisa waɗanda ake jin maganarsu.

Dajin furostet da aka kama tun bai fita daga ƙullutun ba ana warkewa daga gare shi a mafi yawan lokuta, wanda ya riga ya shiga ƙashi kuwa sai dai a rage masa gudu a sauƙaƙa raɗaɗi. Masana suna can suna koyon karanta saƙon zare mai haruffa 22, kuma ranar da suka ƙware, amfanin zai fara isa ne ga mutumin da ya saba kai kansa asibiti tun ƙafafunsa na ɗauke da shi.

A nan shirin na wannan mako ya kawo ƙarshe. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, ya kuma sa albarka a aikin masu bincike.

(Kiɗan rufe shiri)